Gaɓar Alentejo ta Fotugal: ta dace da hutun iyali a watan Agusta?

Baban Ihsan (Hambug):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kudu maso yammacin Fotugal, musamman gaɓar tekun yankin Alentejo, tsakanin Porto Covo da Odeceixe. Niyyata in kai iyalina hutu can a watan Agusta, lokacin da makarantun nan suke rufe. Mu ne ni da maiɗakina da yara uku, sannan surukata Hajiya za ta zo mana ziyara daga Kano, kuma ba zai yiwu mu bar ta ita kaɗai a gida ba. Ba ma sha'awar Algarve, yankin ƙarshen kudancin ƙasar, mai manyan otal-otal da hayaniya. Ƙauye muke so, kusa da ruwa, inda mutum zai yi barci ya tashi ba tare da ƙarar mota ba. Shin wurin yana da natsuwar da ake faɗa? Yaya abinci yake ga Musulmi, kuma ruwan ya dace da ƙananan yara?

Dakta Hadiza (Lisbon):
Wa alaikumus salam. Wurin da ka zaɓa yana da kyau, watan ne nake da ja a kansa. Alentejo ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin Fotugal, amma mutanensa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na al'ummar ƙasar ba, don haka a yawancin shekara za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba sai tumaki da itatuwa. Gaɓar ma ta tsira daga dogayen gine-gine saboda tun 1995 aka mayar da ita gandun da doka ta kare, wato Parque Natural do Sudoeste Alentejano e Costa Vicentina. Sai dai Agusta shi ne watan da 'yan Fotugal kansu suke ɗaukar hutu, kuma wannan gaɓar ce mutanen Lisbon suke kwarara zuwa gare ta. Vila Nova de Milfontes, wanda ƙaramin gari ne a bakin kogin Mira, yana cika maƙil har wurin ajiye mota ya zama abin nema, gidajen abinci sai da layi, kuɗin haya kuma yana ninkawa. Natsuwar da aka ba ka labari ta Mayu da Yuni ce, sai kuma daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Tunda makarantun Hambug suna da hutu a Oktoba, ni da ni ce, can zan karkata tafiyar.

Alhaji Garba (Birmingham):
Ni tambayata daban ce, kuma a yi mini afuwa. Me dattijuwa daga Kano za ta yi a ƙauyen da ba ta jin yaren kowa, babu kasuwa, babu kiran sallah, babu maƙwabciyar da za ta leƙa su gaisa? Mu da muke aiki dare da rana a Turai ne muke kwaɗayin shiru. Iyayenmu hutunsu shi ne jama'a. Kuɗin jirgin mutum shida da hayar babbar mota da gida a watan da komai ya yi tsada ba ƙaramin abu ba ne, kada a kashe shi sannan Hajiya ta wuni a tsakar gida tana lissafin ranar komawa.

Injiniya Mamman (Liyon):
Alhaji, maganarka tana da hujja, amma ka ɗauki ƙauyen can kamar kufai, alhali ba haka yake ba. Na sauka a irin gidajen gonar da suke kira monte, a bayan São Luís, tafiyar kusan minti ashirin a mota daga Milfontes. Gidaje ne marasa bene, an shafe su da farar ƙasa, an zagaye ƙofofi da tagogi da shuɗi ko rawaya, bangonsu mai kauri ne, shi ya sa ɗaki yake da sanyi ko da rana ta take. Da safe motar burodi tana zagayowa tana hon, matan ƙauye su fito da jakunkunansu na yadi, kowace ta karɓi nata, a tsaya a ɗan taɓa hira. Da la'asar tsofaffi suna zama a benci a jikin bango suna kallon hanya, duk wanda ya wuce sai sun gaishe shi. Dattijuwar da ta saba da zaman ƙofar gida ba za ta ga wannan baƙon abu ba, ko da babu yare ɗaya tsakaninsu.

Game da Agusta kuma, ban yarda da Dakta gaba ɗaya ba. Cunkoson yana cikin garuruwan bakin ruwa ne, Porto Covo da Milfontes da Zambujeira do Mar da Odeceixe, kuma daga hantsi zuwa yamma. Wanda ya kama gida a cikin karkara, ya je bakin teku da sassafe ya dawo kafin azahar, zai sami rairayin kusan shi kaɗai, domin mutanen can ba sammako suke yi a lokacin hutu ba. Mu kuwa sallar asuba ta riga ta tashe mu.

Dakta Hadiza (Lisbon):
Injiniya, dabarar sammako tana aiki, na yarda, sai dai akwai abu biyu da ya kamata Baban Ihsan ya auna. Na farko, da zarar ka yi nisa da teku zafi yana ƙaruwa sosai. A bakin ruwa iskar arewa da suke kira nortada tana rage shi, har da dare sai an nemi rigar sanyi, amma cikin Alentejo na daga wurare mafi zafi a Turai. A Amareleja an auna sama da digiri 47 a Agustan 2003. São Luís bai kai can ba, amma kowane kilomita zuwa gabas yana da farashinsa. Na biyu shi ne gobarar daji. A Agustan 2023 wuta ta cinye dubban hekta a kudancin ƙaramar hukumar Odemira, har aka kwashe mutane daga ƙauyuka da masaukan baƙi kusa da Odeceixe. Wanda zai kama gidan gona a wannan watan, da dattijuwa da yara, ya tambayi mai gidan hanyoyi nawa ne suke fita daga wurin, ya duba hasashen haɗarin gobara da hukumar yanayi ta IPMA take fitarwa kullum, kuma ya manta da batun hura gawayi a waje a ranakun da aka hana. Lambar gaggawa 112 ce. Babban asibitin yankin yana Santiago do Cacém, tafiyar da ta kusa awa guda daga Milfontes.

Maman Sultan (Manchesta):
Bari in amsa tambayar ruwa da ta abinci, tunda su ne suka fi shafar mata da yara. Tekun Atlantika ne kai tsaye, ba Bahar Rum ba. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, yawanci ƙasa da digiri 20, saboda wannan iskar arewa tana ture ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso. Igiyar ruwa kuma tana da ƙarfi, akwai wuraren da take jan mutum zuwa ciki. Inda ya dace da ƙananan yara shi ne bakin koguna: Praia da Franquia a Milfontes, inda kogin Mira yake kwance kafin ya shiga teku, da kuma Odeceixe, inda kogin Seixe ya zagaye rairayin, yara su yi wasa a gefen kogi manya su fuskanci teku. Ko a nan a kula da lokacin da ruwa yake janyewa, domin kogin yana gudu da ƙarfi zuwa teku a sa'ar. A koya wa yara tutoci: kore a shiga, rawaya a tsaya inda ƙafa take taɓa ƙasa ba iyo, ja kada a shiga ko kaɗan.

A nan ne nake da ja da shawarar Oktoba. Masu aikin ceto suna zama a bakin ruwa ne a lokacin wanka kawai, daga wajen Yuni zuwa tsakiyar Satumba. A Oktoba za ka sami natsuwa, amma babu mai tsaro, kuma ga uwa mai yara uku wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika rubutawa a tallar yawon buɗe ido ba, kuma gara Yaya ya ji shi tun yanzu. Wasu rairayin an ware su a hukumance ga masu wanka babu sutura, kamar Praia do Salto kusa da Porto Covo, da Alteirinhos kusa da Zambujeira, da Adegas da ke maƙwabtaka da Odeceixe. Ana saka alama, amma mai bin taswirar waya yana neman wurin da babu jama'a zai iya faɗawa can da surukarsa. Wuraren iyali da na ambata sun fi kwanciyar hankali, kuma ban ga wanda ya ɗaga ido ya kalli doguwar rigar wankana ba.

Baban Ihsan (Hambug):
Allah ya saka da alheri, Maman Sultan, wannan gargaɗin kaɗai ya biya tambayar. To abincin fa?

Maman Sultan (Manchesta):
Girkin Alentejo a kan alade ya ginu, musamman baƙin aladen da suke kiwo a ƙarƙashin itatuwa, kuma matsalar ba naman da ake gani a faranti ba ce, kitsen da ba a gani ne. Migas, wanda burodi ne da aka jiƙa aka soya, da kitsen alade ake yin sa. Miyar ganye ta caldo verde tana zuwa da yankan tsiran alade a ciki. Tukunyar abincin teku ta cataplana sau da yawa ana jefa mata naman alade ko ruwan inabi mai sa maye, wasu kayan zaƙi na gargajiya ma da kitse ake kwaɓa su. Mafita ita ce gasasshen kifi, kuma a nan ba za ku yi nadama ba: sargo da dourada da robalo da sardin, gishiri kawai da gawayi da man zaitun, da dafaffen dankalin Turawa a gefe. A lura cewa babban kifi da kilo ake sayar da shi, don haka a ce a auna a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Burodi da zaitun da cuku da ake ajiyewa a tebur ba tare da an tambaya ba ba kyauta ba ne, abin da aka ci za a biya. Açorda, wato burodi cikin romon tafarnuwa da ganyen koriyanda da man zaitun da ƙwai, yawanci babu nama a cikinta, amma a tambaya. A riƙe "sem porco" da "sem vinho", wato ban da alade, ban da giya.

Shawarata dai a kama gida mai kicin. Kasuwar Milfontes tana da kifi sabo da safe, yankin kuma ya shahara da dankalin Hausa, wanda na Aljezur har rajista yake da shi a Tarayyar Turai, ana kuma noman gyaɗa a wajen Rogil. Idan an tafi da yaji da daddawa da kuka, Hajiya ba za ta rasa abin da bakinta ya saba da shi ba.

Nura (Évora):
Ina karatu a yankin, kuma ina so in ƙara wani abu da zai amsa tambayar nama, ya kuma gyara hoton da ake zanawa. Tsakanin Milfontes da Odeceixe, idan ka bar gaɓa kaɗan, za ka ga rumfunan leda sun miƙe iya ganinka. A cikinsu ake noman rasberi da sauran ƙananan 'ya'yan itatuwa da ganyen salak da ake kaiwa manyan kantunan Jamus da Ingila, da ruwan madatsar Santa Clara da aka gina a kan kogin Mira a ƙarshen shekarun 1960. Masu aikin kuwa baƙi ne, daga Nefal da Indiya da Bangaladash da Tailan da wasu ƙasashe. A Afrilun 2021, lokacin korona, gwamnati ta killace São Teotónio da Longueira-Almograve, a nan ne duk ƙasar ta ga yadda ake cusa ma'aikata da yawa a ɗaki guda. Saboda su ne São Teotónio ya cika da ƙananan kantunan Asiya, inda za ka sami shinkafa da kayan yaji da daskararren naman halal, kuma ta bakinsu ne za ka ji inda ake haɗuwa sallar Juma'a. Abin da nake nufi shi ne, shirun da baƙo yake saya da Yuro, akwai waɗanda suke sunkuye cikin zafin leda a bayansa, kuma da yawansu 'yan'uwanmu ne a addini ko a zaman baƙunta.

Alhaji Garba (Birmingham):
Nura, abin da ka faɗa abin tausayi ne, amma ban ga yadda ya shafi mai neman hutu ba. Idan Baban Ihsan ya fasa zuwa, albashinsu ba zai ƙaru ba.

Nura (Évora):
Ban ce ya fasa ba, Alhaji. Ya shafe shi ta fuska uku. Gidan da aka ɗauki hotonsa da kyau yana iya kasancewa a tsakiyar rumfunan leda, don haka ya duba hoton tauraron ɗan'adam kafin ya biya. Ruwan madatsar ya yi ƙasa sosai a shekarun fari na baya-bayan nan, har aka rage wa ƙananan manoma kasonsu, saboda haka baƙo ya yi tattalin ruwa. Sannan hayar gidaje ga masu hutu tana cikin abin da ya sa ma'aikaci ba ya samun ɗaki mai araha. Sanin wannan ba ya hana hutu, yana dai gyara yadda mutum zai yi mu'amala da wanda ya auna masa shinkafa a kanti.

Malam Abdurrahman (Zariya):
Ban taɓa taka ƙasar ba, amma sunan yankin ba baƙo ba ne ga mai karatun fiƙihun Malikiyya, kuma wataƙila wannan zai amsa damuwar Alhaji Garba game da abin da Hajiya za ta gani. Wannan ƙasa tana cikin yammacin Andalus, ta yi ƙarni biyar a hannun Musulmi. Birnin Beja shi ne Baja da ake danganta Abul Walid al-Baji da shi, mai sharhin Muwaɗɗa da ake kira al-Muntaƙa, wanda ya rasu a 474 bayan Hijira, kuma a can aka haifi al-Mu'utamid bin Abbad, sarkin Ishbiliya. A Mértola, a bakin kogin Guadiana, babban cocin garin masallaci ne na ƙarni na 12, zamanin Muwahhidun. Bayan Kiristoci sun ci garin a 1238 suka mayar da shi coci, amma mihrabin yana nan har yau a bayan bagadi. A garin ne Ibn Ƙasi, shugaban wata ƙungiyar Sufaye, ya kafa mulkinsa a 1144, kuma ribaɗin (wato sansanin ibada da tsaro) da ake dangantawa da shi an gano kufansa a kan tsaunin gaɓa kusa da Arrifana, kudu da Odeceixe. Idan akwai hali, a kai ta ta gani.

Sai tunatarwa guda: a mazhabarmu matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri yana cika sallah, don haka ƙasarun na kan hanya ne kawai.

Dakta Hadiza (Lisbon):
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Mértola ya cancanci tafiyar, akwai gidan tarihin kayan zamanin Musulunci da ya samo asali daga tonon da Cláudio Torres ya jagoranta tun ƙarshen shekarun 1970, kuma duk shekara biyu a watan Mayu garin yana yin bikin tunawa da wannan tarihi. Amma daga Milfontes tafiyar kusan awa biyu ce zuwa gabas, garin a kan tudu yake, titunansa na dutse ne masu hawa, kuma a Agusta zafinsa yakan haura digiri 40. Wannan ma hujja ce a gare ni: abin da ya fi dacewa da Hajiya a duk yankin shi ne wanda Agusta ya fi wahalar da ita a kansa. Arrifana ta fi sauƙi tunda a bakin teku take, sai dai abin da ya rage tushen bango ne kawai, ga iska mai ƙarfi.

Injiniya Mamman (Liyon):
A kan Mértola na sallama. Haka ma hanyar ƙafa ta masunta, Trilho dos Pescadores, wadda ita ce ta fara kai ni yankin: daga Porto Covo zuwa Odeceixe zango huɗu ne, kowanne tsakanin kilomita 15 da 22, yawanci cikin yashi mai nutsar da ƙafa kuma babu inuwa, masu kula da ita ma sun fi ba da shawarar a bi ta daga Satumba zuwa Yuni. Iyali dai za su iya zuwa Cabo Sardão da mota su ɗan taka. A can ne wani farin tsuntsu dangin shamuwa, mai jan baki da dogayen ƙafafu, yake gina sheƙarsa a kan tsinin duwatsu a tsakiyar ruwa, igiya tana dukan gindin dutsen shi kuwa yana tsaye a kan ƙirarensa; ana cewa babu wani wuri da aka san yana yin haka. Amma lokacin sheƙa daga Maris ne zuwa farkon bazarar Turai, a Agusta galibi fanko za a tarar.

Abin da Agusta yake da shi shi ne itacen sobreiro da aka gama saɓule wa ɓawo, wanda da ɓawon ake yin abin toshe bakin kwalba, kuma Fotugal ce take samar da kusan rabin na duniya. Ba a taɓa itacen sai ya kai kimanin shekara 25, daga nan sai duk bayan shekara tara, da gatari da hannu, ba tare da an ji wa jikinsa rauni ba. Sabon saɓulalle gindinsa ja ne kamar an shafa masa jan ƙasa, an rubuta lamba ɗaya da farin fenti, wato lambar ƙarshe ta shekarar da aka cire. Yarana sun mayar da abin wasa a mota, suna lissafa shekarar da za a dawo wa kowane itace.

Alhaji Garba (Birmingham):
To tunda kun nace, a yi maganar takardu. Ku mazauna Jamus ba ku da matsala, Hajiya ce mai buƙatar bizar Shengen. Tunda a Jamus za ta fi daɗewa, a wurin Jamusawa za ta nema, kuma bizar za ta shigar da ita Fotugal. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, zaman kuma ba ya wuce kwana 90 cikin 180. A tabbatar kwanakin inshorar sun rufe har lokacin tafiyar, kuma ta riƙe fasfonta a jirgi ko da ba a fita daga Shengen ba. Idan aka ɗage zuwa Oktoba, sai a sake lissafin kwana casa'in ɗin daga ranar shigowarta.

Baban Ihsan (Hambug):
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin riƙewa. Na tattauna da maiɗakina, kuma Oktoba ba zai yiwu ba, domin Hajiya za ta koma kafin lokacin. Abin da muka tsayar shi ne makon ƙarshe na hutun yara, a gidan gona mai kicin tsakanin São Luís da Milfontes, ba can ciki ba, mu riƙa sammako zuwa Franquia. Mértola za mu duba hasashen yanayi, idan an sami rana mai sauƙi mu fita bayan asuba mu juyo kafin azahar. Saura tambaya ɗaya: ta Lisbon ya fi ko ta Faro, kuma za a iya yi ba tare da hayar mota ba?

Dakta Hadiza (Lisbon):
Ba tare da mota ba, a gidan gona, ba zai yiwu ba. Bas ɗin Rede Expressos yana tashi daga tashar Sete Rios zuwa Milfontes cikin awa uku da wani abu, amma daga nan babu abin da zai kai ku ƙauye a kan kari, layin jirgin ƙasa kuma ta cikin ƙasa ya bi, nesa da gaɓa. Ku sauka a Lisbon, domin kafin ku kama hanya za ku iya sayen naman halal a unguwar Martim Moniz, ku yi sallah a babban masallacin birnin kusa da Praça de Espanha. Daga nan ta babbar hanyar A2 tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna, ana biyan kuɗin hanya, don haka ku karɓi na'urar biyansa, Via Verde, tare da motar. Za ku wuce kusa da Sines, garin da aka haifi Vasco da Gama, inda manyan jiragen ruwa suke sauke iskar gas da ake ɗaukowa daga Bonny a Najeriya. Mota mai kujera bakwai tana ƙarewa da wuri a Agusta, kuma yawancin na haya masu giyar hannu ne, saboda haka ka kama taka tun yanzu, ka kuma rubuta musu adadin kujerun yara da kake buƙata.